"Ai Naki Ne, Daga Jikinki Za A Ɗiba"

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na yarda na rubuta shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba. Ni dai 'yar cikin garin Kano ce, uwar 'ya'ya uku, ina sayar da abaya da mayafai a gida. Abin da zan faɗa irin maganar nan ce da mata ke yi ƙasa-ƙasa a ɗakin amarya, da zarar wata babba ta ɗaga labule a yi tsit.

A cikin badala aka haife ni, a babban gida mai sassa da yawa. Matan gidanmu masu jiki ne. Innata, goggonnina, yayyena, duk Allah Ya hore musu ƙira, in sun ɗaura zani sai ka ce don su aka saƙa shi. Ni kaɗai na fito siririya kamar sillen kara. Sa'o'ina sun fara ƙirgar dangi tun muna ƙarshen firamare, ni kuwa har na kai aji uku na sakandare ƙirjina a shafe yake. Daga nan aka laƙaba mini suna Allo. "Allo, zo ki kai niƙa." "Ina Allo ta shiga ne?" Ba da mugunta ake faɗa ba, wasa ne irin na gidan yawa, ni ma in aka kira sai na amsa ina dariya. Wata shekara aka kai mu ɗinkin Sallah wajen wata tela a unguwarmu. Ta auna yayata, ta auna 'yar goggona, da ta zo kaina sai ta rataye tef ɗinta a wuya ta ce, "Wannan ai ba sai an wahala ba." Ɗakin ya ɗauki dariya. Shekara ashirin da wani abu ke nan, amma har yau in na rufe ido ina ganin launin atamfar da na riƙe a hannu.

Da aurena ya tashi a 2009, goggonnina suka ɗauki lamarin kamar yaƙi. Wata biyu ana ɗura mini kunun alkama da hulba da waken suya da madara, safe da yamma, ana shafe ni da man hulba har warinsa ya kama katifata. Babbar goggona takan tsaya a kaina da kofi ta ce, "Shanye, 'yar nan, kada ki je gidan mutane ki ba mu kunya." Na shanye, ban ga komai ba sai ɗan kumatu. Ranar kai amarya ita da kanta ta cusa mini acuci-maza guda uku a ƙasan akwati.

Maigidana mutumin kirki ne, wannan zan faɗa tun yanzu don kada wani ya ɗora masa laifin da ba nasa ba. Bai taɓa cewa in gyara wani abu a jikina ba, kuma bai yi mini kishiya ba balle a ce kishi ne ya tura ni. Da na samu ciki na fari, sannan na zo shayarwa, a karon farko a rayuwata na cika riga. Wallahi na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata. Zan tona wa kaina asiri: autana sai da ya kai wata ashirin da uku kafin na yaye shi. Mutane suna ta yaba mini wai na kusa cika shekara biyun da addini ya kwaɗaitar, ni kuwa na san dalilina daban ne. Ina tsoron abin da zan gani ne bayan yaye.

Abin da nake tsoro shi na gani. A 2019 ruwan nono ya ƙafe, abin da ya rage fata ce kawai a kwance, ga ƙanƙanta ga zubewa. Wani dare ina canza kaya, Abban yara yana kishingiɗe yana danna waya, ya ɗago ya ce cikin raha, "Kai, yaran nan sun tsotse ki tas." Ya yi dariya ya koma kan wayarsa. Ni ma na yi dariya, irin wadda nake yi in an ce Allo.

Wata maƙwabciyata ce ta haɗa ni da sha-ka-fashe. Ƙananan ƙwayoyi ne a ƙulle a leda, babu suna babu takarda, wai a sha da daddare da kunu. Cikin wata biyu na fara cika, ci kuwa kamar gara, tsakar dare sai na tashi na ɗumama tuwo. Sai dai ƙibar ba ta je inda na aike ta ba. Fuskata ta yi zagaye kamar faifai, tumbi ya fito, wani tozo ya taso mini a bayan wuya, ƙafafuna kuwa suna nan sirara. Nankarwa mai ja-ja ta tsattsage mini ciki. Na shafe kusan shekara a haka kafin ciwon kai da jiri su kai ni asibiti, aka auna aka ce jinina ya hau. Likitan yana kallon fuskata ya ce, "Hajiya, me kike sha?" Shi ya bayyana mini cewa yawanci abin da ake ƙullawa a irin wannan leda deksametason ne, maganin da ake ba masu asma da kumburi, sai wani na ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki. Ya ce kada na kuskura na daina rana ɗaya, domin jiki ya riga ya saba ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. A hankali ya riƙa rage mini har na rabu da shi. Fuska ta saɓe, jini ya sauka, amma tumbi ya ce yana nan daram.

To, ga tumbi ga allo. A wannan hali nake lokacin da na ci karo da wata mata a Instagram mai haɗa mutane da likitoci a ƙasar waje. Da ma na san ana sa robar silikon, kuma ban taɓa sha'awarta ba. Tunanin a binne ni da wani baƙon abu a ƙirji ya ishe ni tsoro. Amma wannan matar wani abu daban take tallatawa. Na yi mata magana ta WhatsApp, ta turo mini saƙon murya da har yau zan iya maimaita shi: "Haba Hajiya, ai wannan ba tiyata ba ce. Naki ne, daga jikinki za a ɗiba a mayar miki a jikinki. Tumbi ya tafi, sama ta cika, jifa ɗaya tsuntsu biyu."

Wannan kalma ta "naki ne" ita ta kwance mini duk wani ƙulli. Da ita na amsa wa kaina tambayar lafiya, tunda jiki ba zai ƙi abin da yake nasa ba. Da ita na amsa tambayar addini, na ce ai ban ƙara komai a halittar Allah ba, gurbi kawai na sauya wa abu, kamar mai kwashe kaya daga falo zuwa uwar ɗaka. Da ita kuma na yanke cewa ba sai na gaya wa kowa ba.

Da ma nakan je Alƙahira sari sau ɗaya ko biyu a shekara tare da wasu abokan sana'a, da izinin maigida, jirgi ɗaya daga filin jirgin Malam Aminu Kano. A ƙarshen 2022 na ce masa wannan karon zan ɗan daɗe, zan ga likita a kan tumbin nan da ke sa ni ciwon baya. Rabin gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙarya saurin shiga. Na kwashi adashena, na haɗa da sarƙa da 'yan kunnen gwal da Innata ta ba ni, na taɓa jarin abaya. Kuɗin da na tara zai iya sayen ɗan fili a bayan gari.

Adalci shi ne na ce likitan da na gani a can bai yaudare ni ba. Wata ɗaliba 'yar Nijeriya da ke karatu a can ce ta yi mana tafinta, kuma duk abin da ya faɗa ta juya mini shi da Hausa tsaf. Ya ce kada na sa ran abin da ya wuce ƙarin lamba ɗaya a rigar mama. Ya ce ba duk kitsen da za a zuba ne zai rayu ba, wani kaso zai narke jiki ya shanye, wata ta rasa sulusi, wata ta rasa rabi, kuma ba za a san inda aka tsaya ba sai bayan wata uku zuwa shida. Ya ce kitse cikawa yake yi, ba ya ɗaga abin da ya zube, ɗagawa wani aiki ne daban mai yanka da tabo. Ya ce ana iya samun ƙullutu daga baya. Duk na ji da kunnena, amma zuciyata tana wajen saƙon muryar matar nan. Sai ya tambaye ni ko a danginmu akwai wadda ta taɓa yin sankarar mama. Babbar goggona, mai kofin kunun nan, sankarar ce ajalinta a 2016. Na ga yadda ta ƙare, ni nake wanke mata ciwon. Na dubi tafinta na ce, "Ce masa babu." Tsoro nake kada ya ce ya fasa.

Da safe ya sa na tsaya, ya zazzana mini jiki da alƙalami, da'ira-da'ira a ciki da kwiɓi da cinyoyi, kamar mahauci yana shata inda zai yanka. A nan ne jikina ya fara sanyi, domin namiji ne baƙo, ga ni tsaye a gabansa ba don wata cuta ba. Aka yi mini allurar barci. Yadda aka bayyana mini aikin, ana fara ɗura ruwan gishiri mai haɗe da maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyin jini a inda za a ɗiba, sannan a huda ƙananan ƙofofi a zura siririn bututun ƙarfe a zuƙo kitsen. Abin da ya fito sai a tace shi, a raba shi da jini da ruwa da mai, a bar tsantsarsa. Shi ake zubawa a sirinji a riƙa shigar da shi kaɗan-kaɗan, zare-zare kamar taliya, a wurare daban-daban. Dalili kuwa, kitse abu ne mai rai, yana buƙatar jini. Wanda ya kwanta kusa da nama mai jini, jijiyoyi za su tsiro su kama shi ya rayu. Wanda ya taru ya yi curi, na tsakiyarsa yunwa za ta kashe shi. Ni an sa mini mililita 250 a kowane ɓangare. In kina son ki gane yawansa, ɗauki ledar fiya-wata ki raba ta biyu. A kan wannan na sayar da gwal ɗin Innata.

Wanda ya ce wannan ba tiyata ba ce, Allah Ya yafe masa. Da na farka ji na yi kamar an taru an yi mini dukan kawo wuƙa. Ƙirjin ma da sauƙi, cikin da cinyoyin ne abin tausayi. Suka yi baƙi-baƙi da shuɗi, wani ruwa mai jini-jini yana tsattsafowa daga hudojin har ya ɓata zanin gado. Aka ɗaure ni cikin wata rigar matsi tun daga ƙarƙashin ƙirji har gwiwa, aka ce makonni zan yi a cikinta, ba dare ba rana. Ba kwanciya rubda ciki, ba rigar mama mai matsewa, ba ɗaukar kaya mai nauyi. Sallah a zaune na riƙa yi. Abokan tafiyata suna can kasuwar Ataba suna ciniki, ni ina kwance rigingine a ɗakin haya ina kallon fanka. A dare na uku zazzaɓi ya ɗan taɓa ni, sai tunani ya zo mini cewa in na mutu a nan, takardar da za a miƙa wa mijina da gawata ita za ta gaya masa abin da ban gaya masa ba. Na yi kuka sosai daren nan. Da gari ya waye na ga ƙirjina a madubi, a kumbure, cike taf, sai na share hawaye na ce ai kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ashe yawancin abin da na gani kumburi ne. Na dawo Kano bayan kwana goma sha biyu. Maigida ya ga rigar matsi da tabon ciki, ya yi faɗa a kan me ya sa ban ce masa aiki za a yi ba, na ba shi haƙuri. Sauran kuwa, na tabbata ya lura, amma bai tambaya ba, ni ma ban tanka ba. Wata na farko na ɗinka sababbin kaya har kala biyar. A wani biki a Gwale wata yayata ta ƙare mini kallo ta ce, "Allo, me kike ci ne haka?" Na ce hulba ce. Wata na biyu rigunan suka fara yi mini yawa. Kullum da safe sai na tsaya gaban madubi ina aunawa da tafin hannu, kamar mai duba tukunyar da ke yoyo. Azumin 2023 ya zo cikin tsananin zafi, na faɗa kamar yadda nake faɗawa duk shekara, sai ƙirjin ma ya bi sahu. Kitsen ciki ne fa, bai manta asalinsa ba, in kin rame ya rame, in kin yi ƙiba ya yi. Zuwa ƙaramar Sallah abin da ya saura bai fi rabi ba, ɓangaren hagu kuma ya ɗan fi na dama. Zubewar tana nan yadda take, kamar yadda likitan ya faɗa. Na koma wa matar Instagram, ta ce ai da ma sai an yi zagaye na biyu, za ta yi mini ragi.

Bayan Sallah da kamar wata guda, ina wanka, hannuna ya taɓa wani abu a gefen dama ta wajen hammata. Tauri gare shi, girmansa kamar ƙwallon dabino. Gabana ya yanke ya faɗi. Na sake lalubawa, na ji wani ƙarami a ƙasansa. Ba likitan Alƙahira na tuna ba, goggona na tuna, domin ita ma a wanka ta fara jin nata. Na zauna a kan bokiti, sabulu yana bushewa a jikina, har 'yata ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Umma, lafiya?"

Sati biyu na yi ban gaya wa kowa ba. Da na kasa barci na gaya wa Abban yara, washegari ya ajiye kasuwarsa ya kai ni asibiti. Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Ta duba ni, ta tambayi tarihin dangi, wannan karon na faɗi maganar goggona. Sai ta ce, "An taɓa yi miki wani aiki ko allura a nonon?" Mijina yana zaune a kujerar gefe. Na ce a'a. Na ga ta ɗan yi jim, ta rubuta a yi mini sikanin da mamogiram, wato hoton nono da ake neman sankara da shi, ta ce tunda akwai tarihi a gida ba za a yi wasa ba.

Kwanakin jiran nan ba na fatan ko maƙiyina ya shiga irinsu. Ina dafa abinci ina kallon yarana ina lissafin wa zai riƙe su. Na rubuta basussukan da ake bi na da waɗanda nake bi a bayan littafin ciniki. Maigida ya rame, ya sa aka yi sauka a masallacin unguwa, yana tashi tsakar dare yana nafila a kan cutar da ni na san wataƙila da kuɗina na sayo ta. Da daddare in ya yi barci sai na ɗauki waya ina bincike, abin da ya kamata na yi tun kafin na hau jirgi. A nan na gano cewa aikin ba sabo ba ne. Tun 1895 wani likitan tiyata a Jamus mai suna Czerny ya ciro curin kitse daga bayan wata mata ya cike mata gurbin da aka yanke a nononta. Na kuma gano cewa a 1987 ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka ta yi gargaɗi a kan zuba kitse a nono, kuma dalilinta shi ne ainihin halin da nake ciki: kitsen da ya mutu yana barin ƙullutu da ɗigo-ɗigon alli da za su iya rikita mai neman sankara a hoto. Sai a 2009 suka sassauta, bayan na'urori da ƙwarewar masu karanta hoto sun inganta. Amma mai karanta hoton yana buƙatar a gaya masa abin da aka yi, ni kuwa na ce ba a yi komai ba.

Ranar da muka koma da sakamako, likitar ta ɗaga hoton ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Alhaji, don Allah ɗan ba mu wuri." Da ya fita ta jawo kujerarta kusa da ni, ta sa na ɗaga hannu, ta nuna wani ɗan tabo kamar ƙwayar gero a lanƙwasar ƙasan nonon, ta nuna ɗan uwansa a ɗaya ɓangaren. Ta ce, "Hajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ba alƙali ba ce. Kitse aka sa miki?" Kamar ƙasa ta tsage na shige. Na ɗaga kai kawai, hawaye suna zuba. Ta sauke numfashi ta ce da na faɗa tun ranar farko, da ta rage mini rabin fargabar da na kwana da ita, domin abin da hoton ya nuna ya fi kama da mataccen kitse. Ta ce binciken da aka yi zuwa yanzu bai nuna cewa wannan aiki yana jawo sankara ba, amma kuma ba ya hana ta, don haka mai tarihi irin nawa ba za a sallame ta da zato ba.

Ƙaramin ƙullutun, aka sa allura ana kallo a na'urar sikanin aka zuƙe shi. Na ga abin da ya fito a sirinjin da idona, wani ruwa rawaya mai kauri kamar man gyaɗa. Tumbina ne na sha-ka-fashe, ya je Alƙahira ya dawo, ya ƙare a sirinji a Kano. Mai taurin kuwa sai da aka ɗebi ɗan namansa aka kai ɗakin gwaje-gwaje. Kwana goma sha ɗaya muka ƙara jira kafin aka ce ba sankara ba ce. Alhamdu lillahi.

Likitar ba ta gaya wa mijina komai ba, ta ce wannan tsakanina da shi ne. A mota na gaya masa, muna tsaye a cunkoson Ɗangi. Bai ce uffan ba har muka isa gida. Da ya kashe mota sai ya ce, "Da kin mutu a can, me zan ce wa Inna?" Ya fita ya bar ni a zaune. Kusan sati biyu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Da ya huce muka zauna, ya ce shi ba kuɗin ne ya fi ƙona masa rai ba, daren da ya yi ta tsayuwa yana kuka ina kallonsa na yi shiru ne. Ba ni da amsar wannan, har yau ba ni da ita. Ya tambaye ni wa ya ce mini yana son haka. Na tuna masa maganar da ya yi a 2019, cewa yara sun tsotse ni tas. Ya yi shiru yana tunani, ya rantse da Allah bai tuna ya taɓa faɗa ba. Na yarda da shi, kuma wannan ya fi yi mini ciwo fiye da a ce ya tuna.

Maganar addini ma na koma mata, a makare. A Islamiyyarmu ta matan aure akwai ranar da ake tura tambaya a takarda ba suna. Na rubuta tawa na ninke. Malama ta karanta, ta kawo aya ta 119 a Suratun Nisa'i inda Shaiɗan ya sha alwashin zai umarci mutane su canza halittar Allah. Ta kawo kuma labarin sahabin nan Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare. Ta ce malamai sun bambanta gyaran aibi da neman ƙarin kyau. Matar da aka cire wa nono saboda sankara, ko wadda ta ƙone, ko wadda aka haifa da tawaya, in aka cike mata da kitsenta magani ne. Wadda kuwa lafiyarta ƙalau, shayarwa ce kawai ta yi abin da ta saba yi wa kowace uwa, mafi yawansu ba su ba ta wannan dama ba, kuma kasancewar kitsen nata ne bai sauya hukuncin ba, ga kuma buɗe al'aura ba da larura ba. Ajin ya yi tsit, wasu suna waige-waige suna neman mai tambayar. Ni ma na waiga.

Yanzu abin da ya rage a jikina ɗan kaɗan ne, in na sa kaya ba mai cewa an yi wani abu. Cikina ya lafa amma ba sumul ba, akwai wani gefe mai kwari-kwari da nake ji in na shafa, da wani wuri a cinya da har yau bai gama dawo da ji ba. Mai taurin nan yana nan, ya ɗan ƙanƙance. Duk shekara ina zuwa hoto, kuma kafin mai hoton ta buɗe baki nake cewa an taɓa sa mini kitse a 2022, goggona kuma sankara ce ta kashe ta. Na farko da wuya, yanzu kamar karatun haddar yara nake zubo shi. Gwal ɗin Inna ban iya mayarwa ba, farashinsa ya tsere mini. Ta tambaye ni sau ɗaya, na ce na juya shi a jari, ta ce Allah Ya sa albarka. Wannan ƙaryar tana nan a wuyana, ban san ranar da zan sauke ta ba.

Babbar 'yata ta shiga shekara goma sha biyar, kuma jikina ta ɗauko sak, siririya. Da Sallar da ta wuce muka je gida gaisuwa, muna zaune a tsakar gida ana raba tuwo, sai yayata ta kalle ta ta yi dariya ta ce, "Oh, ga Allo ƙarama." Na ga yarinyar ta yi murmushi ta ja mayafinta ta rufe ƙirji. Ban san lokacin da na ce, "Yaya, don girman Allah kada ki sake kiran ta haka" ba. Muryata har rawa take. Kowa ya juyo yana kallona, yayata ta riƙe baki ta ce, "Daga wasa? Ke ba haka muke ce miki ba, me ya same ki?"

Na ce ba komai, na miƙa wa 'yata kwanon miya.